Khal Ɗin da Ya Ƙi Yin Tsami

Wani matashi daga cikin 'ya'yanmu masu karatu a Bukit Jalil, a nan Kuala Lumpur, ya zo gaishe ni kwanakin baya, ya tarar da ni a baranda ina ɗaure bakin tulu da ƙyalle. Ya tambayi abin da ke ciki, na ce masa ruwan khal ne na abarba. Ya yi murmushi irin na wanda ya gama sanin duniya, ya ce, "Baba, ai wannan ba wani aiki ba ne. Ka matse abarba, ka manta da ita, ta lalace. Shi ke nan fa." Na yi masa godiya, domin ba kullum dattijo yake samun wanda zai taƙaita masa rayuwarsa a numfashi ɗaya ba. Saboda shi da ire-irensa na ɗauki alƙalami, ko da yake na san a tsaye za su karanta, suna jiran bas.

Ku fara sanin wanda ke yi muku magana. Na yi makarantar midil a zamanin da ake duba farcen ɗalibi kafin a duba littafinsa. Na yi aikin malamin gona har na kai matsayin da ake miƙewa idan na shiga ofis, na kuma ajiye aiki ba a taɓa kirana gaban wani kwamiti ba. Amma idan aka tambaye ni sana'ata, khal nake cewa. Aikin gwamnati fansho ya bar mini. Khal kuwa suna ya ba ni, kuma wannan sunan ne na kusa rasawa baki ɗaya a ƙasar Malesiya.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne wankin tulu. A Fagge ne, a bayan kantin wani Balaraben Yaman mai suna Sidi Awad, wanda yake sayar da turare da dabino a gaba, yana kiwon khal a baya. Kiwo yake kiransa, kuma bai yi kuskure ba. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, ban taɓa komai ba sai tulu da toka da ruwan zafi. Sabulu ba ya shiga wurin, domin ɗan abin da ya maƙale a jikin tulu ya isa ya kashe aikin wata da watanni. Idan na gama wanki, sai Sidi ya cusa kansa cikin tulun ya shaƙa, ya fito ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wannan tulu ne ko takalmi?" Sai in sake. Ranar da ya shaƙa ya fito bai ce komai ba, ya miƙo mini ludayin katako, ranar ce na karɓi takardar shaida, kuma har yau ina ganin ta fi ta midil wuyar samu.

A wurinsa na fara ganin uwa. Uwar khal wata fata ce mai santsi da take kwanciya a saman ruwan, kamar ɗanyar ganda da ta kwana a jiƙe. Wanda bai san ta ba zai rantse ruɓa ce, alhali ita ce take mayar da ruwan ya yi tsami. Tana son iska, tana ƙin rana, tana ƙin motsi, tana ƙin ƙarfe. Saboda haka ba a rufe tulun khal da murfi, sai dai a ɗaure bakinsa da farin ƙyalle, iska ta shiga, ƙuda ya tsaya a waje. Lokacin da zan yi aure Sidi Awad ya yanko mini wani ɓangare na tasa uwar, ya ce ita ce gudummawarsa. Zuriyarta na yi ta riƙo daga tulu zuwa tulu, daga wannan garin aiki zuwa wancan, har na hau jirgi da ita a cikin kwalbar zuma.

Ga kuma abin da matashin nan bai sani ba. Ruwan 'ya'yan itace ba ya tsallakawa daga zaƙi zuwa tsami kai tsaye. Akwai wata unguwa a tsakani da dole sai ya ratsa ta, kuma sunan unguwar giya. Zaƙin ne yake tashi ya yi kumfa ya zama abin da Musulmi ba ya sha, sannan uwa ta bi shi a hankali ta cinye, ta bar tsami. Tun ina saurayi na kai maganar gaban malamai, suka ce idan niyyar mutum khal ce tun ranar matsa, ya kuma zuba tsohon khal da uwa tun daga farko, to ya yi aikinsa, sai dai ya kiyaye harshensa har ruwan ya fice daga wannan unguwa. To ku auna wannan. Mai miya tana ɗanɗana miyarta, mai shayi yana kurɓar shayinsa, mai khal ne kaɗai aka hana ya ɗanɗana kayansa a daidai lokacin da ya fi bukatar sanin halin da suke ciki. Hanci yake aiki, da ido, da ɗan gutsuren kanwa. Idan ka ɗiga ruwan a kan kanwa ta yi tsuwa, to tsami ya shiga, amma kanwa ba za ta gaya maka ko wancan baƙon ya gama tattara kayansa ba. Maganin Sidi Awad shi ne jira. Yakan bar tulu har sai ya manta da fuskar wanda ya yi odarsa.

A shekara ta dubu biyu da uku na zo Kuala Lumpur. Ɗana Nasiru ya samu tallafin karatun digiri na uku a fannin bankin Musulunci, kuma bayan rasuwar mahaifiyarsa ya ƙi yarda in zauna ni kaɗai. Muka sauka a wani dogon bene a unguwar Cheras, shi da matarsa Hajara da 'ya'yansu da ni. An kawo ni ne in huta. Na huta mako guda, sai na bi Hajara kasuwar safe, na ga abarba jibge kamar ba ta da mai ita, na ga ƙasar da zafi da laima ba sa hutu duk shekara. Da yamma na dawo da tulunan gilashi daga kantin wani ɗan Sin, da buhun tata, da farin yadi, na ware wa kaina rabin baranda. Shanyar Hajara ta koma ɗaya rabin.

Abarba ce ta fi ba ni haɗin kai. Mangwaro yana da daɗin sha'ani amma yana barin laka. Rambutan, wani ɗan itacen nan mai gashi, zaƙi ne kawai babu hali. Furen zoɓo, wanda su ma suke nomawa, shi ne abin alfaharina, domin yana ba da khal ja mai haske wanda ko a kan tebur ka ajiye shi ya isa ado. Sau ɗaya na gwada duriyan, ɗan itacen da mutanen ƙasar suke wa kirari duk da warinsa. Kafin kumfa ta kwanta maƙwabtan sama sun kira masu gyaran gas, aka zo da kayan aiki ana bin bututu hawa-hawa, har hancin ma'aikatan ya kawo su barandata. Shugabansu ya leƙa tulun, ya dube ni, ya cire hularsa ya mayar, ya tafi. Ban sake ba.

Masu saye ba su yi wuyar samu ba. Matan ɗalibanmu suna so don tausasa nama da haɗa kwaɗo. Mazajensu masu tumbi suna shan cokali guda a ruwan ɗumi da asuba, sannan su wuce shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, su ci burodin nan mai maiƙo da shayi mai madara, su dawo suna tambayata dalilin da ya sa tumbin bai motsa ba. Iyaye mata da ake kawowa zaman jego suna so don gwiwa. Ban taɓa ce wa kowa magani ne ba. Su ne suka faɗa, ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar jayayya da mai saye ba. Daga Cheras har Wangsa Maju aka san Baba Mai Khal, kuma da yake ni ne mafi tsufa a cikin Hausawan garin, sai sunan ya jawo mini kujera. Ni ake kira in raɗa wa jariri suna, ni ake sa wa a gaba idan za a je neman aure, ni nake zama a tsakiya idan biyu sun saɓa. Wanda bai taɓa zama a baƙuwar ƙasa ba zai ga wannan ƙaramin abu ne.

Ƙofar da take kallon tamu ta wani dattijo ce ɗan Sin mai suna Lim, tsohon makanikin bas. Shi ma yana da tuluna a barandarsa, da abarba da rambutan da zoɓo, har da wani farin fure da suke shan shayinsa. Bambancinmu ɗaya ne. Unguwar da nake addu'ar ruwana ya ratsa da sauri, a nan shi yake so nasa ya sauke kaya ya yi zamansa. Giya yake yi, ba don sayarwa ba, don nishaɗin tsufa da baƙin da yake tarawa a sabuwar shekararsu. Yana toshe bakin tulu kada iska ta shiga, ni ina buɗe nawa. Abin da ya lalace a wurinsa shi ne ya gyaru a wurina. Mun daɗe muna leƙen tulunan juna, kowa yana tausayin ɗan'uwansa, kafin muka fara gaisawa da guntun Turanci da guntun Malayanci.

Lim ne ya zama harshena. Masu saye a nan ba su da haƙurin mutanen Fagge, ni kuma ba zan ba Musulmi abin da nake shakka ba. Idan hancina ya ce an kusa, sai in ɗebo kaɗan a ƙaramin kofi in ƙwanƙwasa masa ƙofa. Yarjejeniyarmu ita ce ya taɓa da harshe ya tofar. Idan ya lumshe ido ya gyaɗa kai, sai in koma jiki a sanyaye in ƙara jira. Idan kuwa ya yamutse fuska ya yi tari ya ce, da ɗan "lah" ɗin da 'yan ƙasar suke liƙa wa ƙarshen magana, "Haji, ka kashe shi lah! Wannan ko a batirin mota ba zan zuba ba," sai in yi hamdala in je in wanke kwalabe. Ban san wani mai sana'a ba, ban da ni, da yake rayuwa a kan zagin maƙwabcinsa.

Mummunar shekarar ta fara ne da saƙo daga gida, cewa kowane ɗan fansho ya bayyana da kansa a tantance shi, a tabbatar bai mutu ba. A lokacin tulunana cike suke da zoɓo da abarba, kumfa ta kwanta, wato ruwan yana tsakiyar unguwar da na ambata, uwa kuma ta fara aikinta ke nan. An kuma riga an sa ranar auren wani ɗalibinmu da wata 'yar ƙasa, 'yar gidan malamai, kuma ni aka zaɓa in tsaya a matsayin uban ango. Na kira Hajara baranda na nuna mata tulunan.

"Kada ki taɓa su."

"To, Baba."

Ban ƙara bayani ba, kamar yadda Sidi Awad bai taɓa yi mini bayani ba. Na zaci mako biyu zan yi. Sai da gwamnati ta ɗauki watanni kafin ta gamsu cewa mutumin da yake tsaye a gabanta kullum yana da rai.

A bayana zazzaɓin nan da sauro yake kawowa ya ɓarke a unguwarmu. Ma'aikatan lafiya suka bi gida-gida suna feshi, suna gargaɗi a kan duk wani mazubi mai ruwa da aka bari babu murfi. Suka tsaya a kan tulunana suka yi rubuce-rubuce. Hajara yarinya ce mai tsafta, irin wadda take wanke tsintsiya bayan ta yi shara. Da suka tafi ta kwance ƙyallen, ta ga fata mai kauri kwance a sama, ta tabbata kayan Baba sun fara ruɓewa. Ta kwashe fatar ta zubar. Ta tace ruwan da sabon yadi har ya yi garau, ta dafa kwalabe, ta cika su har wuya, ta murɗa musu murfi iya ƙarfinta, ta jera su a ƙasan kabad inda babu haske babu zafi. Da Lim ne ya ɗauke ta almajirci tun tana ƙarama, da ba ta fi haka iyawa ba. Da masu saye suka fara aiko yara, sai ta ga bai kamata sunan Baba ya faɗi don ya yi tafiya ba, ta riƙa ba su.

Ranar da na dawo, kafin in cire takalmi ta buɗe mini kabad tana murmushi. Kwalabe ne a jere, ja da ruwan zinariya, suna ƙyalli.

Na ce, "Ina fatar da take sama?"

"Wannan ƙazantar? Na zubar, Baba. Ai da ka ga kaurin da ta yi, da ba ka ci abinci ba."

Na buɗe kwalba ɗaya na kai hanci. Na mayar da murfin. Na ɗebo a kofi na tsallaka wurin Lim. Ya taɓa da harshe, bai tofar ba. Ya sake kurɓa. Ya ja kujera ya zauna, ya cire tabarau ya goge.

Na ce, "Tofar mana."

Ya ce, "Tak boleh, Haji," wato ba zai yiwu ba. "Tun ina da gashi a ka nake neman wannan. Wa ya yi?"

A gidan ɗalibin bankin Musulunci, a ƙasan kabad ɗin da ake ajiye dardumar salla a samansa, akwai giyar da ta sa ɗan Sin ya cire tabarau. Na koma na tambayi Hajara gidajen da kwalabe suka shiga, ta lissafa mini, duk gidajen mutanen da nake haɗa sahu da su ranar Juma'a. Da na gaya mata abin da ke cikin kwalaben, sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Babu wanda ya kawo ƙara. Babu wanda ya san komai sai mu na gida da Lim da Allah, kuma na ƙarshen ba a yi masa rufa-rufa. Washegari na sa babbar riga, na ɗauki jakar kasuwa, na hau bas.

A gida na farko maigidan ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Baba, wannan karon ka yi bajinta. Tumbin bai ragu ba, amma wallahi na daina damuwa da shi." A gida na biyu matar ta ce tun da mijinta ya fara sha ya daina zagin malamin da yake duba masa kundin bincike, har yana fito a banɗaki. A duk tsawon shekarun da na yi ina wannan sana'a ba a taɓa yabon kayana kamar wannan yinin ba. Da na ce a dawo mini da kwalabe sai aka fara ɓoye su, ana zaton wani babban mutum zan kai wa. Dole a kowace ƙofa sai da na buɗe baki na faɗi kalmar, ni da kaina, da babbar rigata, na kuma tsaya na ga yadda murmushi yake sauka daga fuskar mutum.

Gida na ƙarshe shi ne na Malam Sabi'u, shugaban ƙungiyar Hausawan garin, wanda yake ja mana salla idan mun taru. Mahaifiyarsa, Hajiya Yalwa, ta zo daga gida zaman jegon matarsa. Da ta ji muryata ta fito da kanta, ba sanda, tana riƙe da kwalbar da babu ko ɗigo a ciki.

"Malam, Allah ya yi maka albarka. Gwiwar nan ta sake ni, barci kuwa sai an tashe ni. An ce cokali guda, amma da na ga yana karɓa ta sai na koma kofin shayi. Akwai saura?"

Na ce zan duba. Na ja Malam Sabi'u waje na gaya masa. Ya dafa bango. Abu na farko da ya fito daga bakinsa shi ne, "Kada Hajiya ta ji." A kan wannan kaɗai ni da shi muka yi ittifaƙi.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka taru a falonmu, manyan ƙungiya da waɗanda suka sha da waɗanda suka zo kallo. Aka jera kwalabe a tsakiya kamar kayan da aka kama a kan iyaka. Hajara tana kicin, ƙofar a ɗan buɗe. Malam Sabi'u ya yi salati ya yi gyaran murya.

"Baba, girmanka ya sa muka zo da kanmu. Amma kafin a yanke magana, ya kamata a tabbatar da abin da yake cikin kwalaben nan. Wa zai iya tabbatar mana?"

Aka kalli juna. Kowa ya gane cewa duk wanda ya iya tabbatarwa, shi ma akwai tambayar da take jiransa. Can wani saurayi daga baya ya kasa haƙuri ya ce, "Ai ko daga nan ma ana ji, wannan ba ƙaramar..." Duk aka juya aka dube shi. Ya ce, "A littafi na karanta."

Na ce ba sai an wahalar da kowa ba, giya ce, ni na faɗa, kuma da ban faɗa ba da har yanzu ana aiko mini da godiya.

"Mun ji, Baba, kuma Allah ya saka. Amma iyalanmu sun sha. Uwata ta sha." Ya gyara zama. "Kana Najeriya aka toshe kwalaben nan, kana Najeriya aka raba su. Wa ya yi?"

Nasiru ya sunkuyar da kai yana nazarin kafet kamar a nan aka rubuta digirinsa. Ni kuwa na san mutanenmu. Da sunan Hajara ya fita daga falon nan, da kafin magariba ya isa Wangsa Maju, kafin Juma'a ya isa Kano, kuma da 'ya'yanta sun girma ana nuna su da baki. Ni tsoho ne, sunan da zan ɓata na riga na ci rabona a cikinsa.

Na ce, "Tulunan nawa ne, kwalaben nawa ne. Wanda ya aiko yaro, wurin Baba Mai Khal ya aiko shi. Duk abin da aka yi a gidan nan da umarnina aka yi shi."

"Wato kai ka ce a toshe?"

"Na ce aikina ne, Malam Sabi'u. Aiki ya ɓaci a hannuna. Rubuta haka."

Wani daga gefe ya ce, "Mutum ya tsufa a sana'a bai san murfi ba?" Na dube shi. Tumbinsa yana nan yadda na san shi.

Aka yanke cewa a zubar, kuma daidai ne. Da kaina na ɗauki kwalaben zuwa magudanar da take bakin matattakala, ina buɗewa ina tuttulawa, jama'a suna tsaye suna shaida. Lim ya fito da singileti.

"Haji, me kake yi? Sayar mini!"

"Ba a sayarwa."

"To ba ni kyauta lah. Maƙwabci ne ni."

"Ba a kyauta."

"To ka juya baya kawai, ni zan san abin da zan yi."

Na ci gaba da zubawa. Ya tsaya ya haɗa hannuwansa a gaba, kansa a ƙasa, har kwalba ta ƙarshe, kamar yadda ake tsayawa a bakin kabari. A cikin duk taron shi kaɗai ne ya san darajar abin da ya tafi, kuma shi kaɗai ne ya yi mini ta'aziyya.

Bayan kwana biyu aka aiko mutum biyu su gaya mini, cikin ladabi mai yawa, cewa an tausaya wa gajiyar tafiyata, an ba wani tsayuwar uban ango. Dangin amarya malamai ne, kuma magana tana da ƙafa. Na je ɗaurin auren na zauna a sahu na uku, kusa da takalma. Sunan jariran da aka haifa a wannan shekara ba ni na raɗa ba. Ana gaishe ni da Baba kamar da, sai dai an daina ƙarasa sauran sunan, kuma na lura idan na miƙa wa baƙo ruwa yakan ɗan kai shi hanci tukuna. Hajara ta zo sau ɗaya ta durƙusa za ta yi magana, na ce ta tashi ta ɗora ruwan zafi, akwai tulunan wanki. Na koya mata da toka. Yau ita take ɗaure mini ƙyalle idan hannuna yana rawa, kuma da izininta na rubuta wannan.

Uwar Fagge ta tafi, ba ta da madadi. Na tayar da wata daga khal ɗin kwakwa na wata tsohuwa 'yar ƙasa a kasuwar safe, na yi ta lallashinta har ta saba da zoɓo. Na koma tsarin Sidi Awad na dogon jira, na ƙara da zagin Lim a kai. Masu saye suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, mata da farko, domin nama bai daina tauri ba saboda an yi taro. To ku da kuke cewa a matse a manta, ga abin da mantuwa take haifarwa, kuma wannan ma mai tsafta ce ta yi ta.

Da shekara ta zagayo matar Malam Sabi'u ta sake haihuwa, aka sake kawo Hajiya Yalwa. Ta aiko a ce mini tana son irin na bara. Na zaɓi kwalbar da ta fi kowace, khal ɗin zoɓo wanda Lim ya yi tari a kansa har ya yi hawaye, wanda da Sidi Awad yana raye da ya shaƙa ya yi shiru. Na kai mata da kaina. Ta sa aka kawo kofin shayi, na ce ta fara da cokali. Ta kurɓa, fuskarta ta tattare wuri ɗaya, ta daɗe kafin ta warware.

"Malam, ba don in ɓata maka rai ba, hannunka ya faɗi. Na bara shi ne khal. Wannan kuwa sai ka ce horo. Ko dai ka manta yadda ake yi ne?"

Malam Sabi'u yana tsaye a bayanta, ya haɗa tafukansa yana roƙona da ido. Matan da suka zo barka duk suna jiran amsar Baba.

Na ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Tsufa ne."

Ta ce, "Ayya. Haka yake zuwa, ba ya sallama. Ka riƙa hutawa, ka bar wa yara." Ta tausaya mini ƙwarai, har ta sa aka ba ni goro.